Ƙwayoyin Cuta a Lambun Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ba mutumin Kebbe ba ne. A Tambuwal, garinmu, aka haife shi, can kuma ya yi ɗinki har idanunsa suka daina ganin kafar allura. Da ɗinki ya gagara sai ya sayar da keken ya tafi Kebbe, inda wani tsoho mai babbar fadama a bakin gulbi ya ba shi aron wani yanki da kowa ya ƙi saboda tsakuwa. Kawu ya tsince tsakuwar da hannu, ya yi ta jibga takin awaki shekara da shekaru, ya kafa jigon ɗebo ruwa, har wurin ya zama lambun da masu wucewa ke tsayawa su kalla. Kowa ya san aro ne, amma aron ya daɗe har an daina ambatonsa. Matarsa ta rasu, bai sake aure ba, ba shi da ɗa. Lambun nan shi ne duk abin da yake da shi, kuma har lokacin mutanen fadama Tela suke kiransa.

Shekarun da arzikin man fetur ke tashe ne, jiharmu sabuwa. Samari sun watsar da fartanya sun tafi birni, suna dawowa da rediyo da agogon hannu. Ni kuwa ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin gona, ba abin da na iya sai karatu. Ban iya hira ba. Idan aka tambaye ni abu a cikin mutane sai harshena ya yi nauyi, in ya saki kuma sai in faɗi abin daidai yadda na karanta shi, ba ragi ba ƙari.

Akwai wani ciwo da ya addabi tumatir a fadamun ƙasarmu. Shuka za ta taso da kyau, ta fara fure, sai ka ga da rana ta yi yaushi ko da ƙasar tana jiƙe. In ka tumɓuke ta sai ka tarar saiwar ta yi ƙululu-ƙululu kamar carbi. Masu lambu suna cewa ƙasa ce ta gaji. A makaranta aka nuna mana mai laifin a madubin likita: wata tsutsa ce siririya, ido ba ya ganinta, tana shiga saiwa ta zauna ta kumbura ta toshe hanyar ruwa. Akwai maganin kanti, amma guba ne mai wari, mai zuba shi ma sai ya kwana da ciwon kai.

Malamin da ke duba aikina na ƙarshe wani abu daban ne ya ɗauke masa hankali. Ya lura akwai tsofaffin lambuna da ciwon ya taɓa cinyewa, sannan ya lafa da kansa ba wanda ya zuba komai. A ƙasar irin waɗannan lambuna akwai wata halitta da ta fi tsutsar ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Tana manne wa tsutsar a jiki, ta huda ta shiga, ta hayayyafa a cikinta har ta hana ta yin ƙwai. Ranar da na fara gani da idona na daɗe ban ɗago kai daga madubin ba. Tsutsar tana ta murɗe-murɗe, jikinta duk ɗigo-ɗigo, kamar kare mai fama da kaska.

Na samo irin wannan ƙasa a wani tsohon lambu da ke bayan garinmu. Na reni tumatir a cikinta a tukwanen ƙasa a bayan ɗakin mahaifiyata, na bari tsutsa mai ɗauke da abin ta cika saiwar, sannan na cire saiwar na shanya a rana har ta bushe ƙamas. Abin da ya rage a daka a tankaɗe. Mahaifiyata ta ce turmin da take daka furarta ba zai ga wannan ƙazanta ba, ta ba ni wani tsagagge da kaji ke kwana a kai. Garin da ya fito ruwan ƙasa ne, mai laushi, ba wari. Na zuba a gwangwanayen madara na rufe, na hau a-kori-kura zuwa Kebbe, ina rungume da jakar a ƙirji saboda gargadar hanya.

Na tarar da Kawu yana shirin dashe, ya rarraba lambun fangali-fangali. Shi ma ciwon ya fara shigar masa tun bara. Na zauna a bakin rijiyarsa na yi masa bayani a hankali, don da shi kaɗai nake iya doguwar magana.

“Rabin fangalan za mu sa wa, Kawu. Rabi kuma a bar shi haka nan.”

“A bar shi shi mutu?”

“Don a gane bambanci.”

Ya dube ni da idanunsa masu hazo-hazo, ya yi dariya har haƙoransa na goro suka fito. “Ashe haka ilimin yake. A bar rabi shi mutu kana tsaye kana kallo. To, ɗana, naka na. Ka yi abin da anka aiko ka.”

Na sassaƙa turaku, na shafa wa wasu jan fenti, wasu fari. Fangalin da za a sa wa gari ya sami ja, wanda za a bari ya sami fari. Kowane ramin dashe na fangalan ja sai na auna garin da murfin kwalba, in zuba, in gauraya da ƙasa da yatsa, sannan Kawu ya dasa ya danne. Ban yarda ya taɓa fangalin fari da hannun da ya taɓa na ja ba sai ya wanke. Yana wankewa yana dariya.

Duk wannan a idon maƙwabta muke yi. Lambunan fadamar a jere suke, darni kaɗai ya raba su, kuma da rana ta take sai kowa ya taru a gindin wani mangwaro a ci rogo da ƙuli. Cikin masu zama a wurin akwai babban ɗan mai fadama. Bai daɗe da dawowa daga birni ba, da babur da baƙin tabarau da injin ban ruwa, irinsa na farko da aka gani a wannan fadama. Lambunsa yana can sama, nesa da ruwa, tiyon injin ba ya kaiwa sai an yi ta haɗe-haɗe. Na Kawu kuwa yana daidai inda gulbi ya yi zurfi, inda ruwa ba ya ƙafewa har bazara. Kowa ya san ya nemi ubansa ya karɓe wurin ya ba shi, tsohon ya ce yana jin kunyar korar mutumin da bai yi masa laifin komai ba.

Shi ne ya tambaye ni, rannan a gindin mangwaro, yana ɓare rogo.

“Dokta, mi kaka biznewa cikin ramun Tela? Mun ga gwangwani, mun ga turaku ja da fari. Magani na?”

“Ba magani ba ne,” na ce, ina kallon ƙasa.

“To mi na?”

“Ƙwayoyin cuta ne. Amma...”

“Ƙwayoyin mi?”

“Ƙwayoyin cuta. Amma tsutsa kawai suke kamawa, wadda ke cikin saiwa.”

Ba ni da wata kalma. Haka ake kiransu a rediyo, haka duba-gari ke kiransu idan ya zo yana faɗa a kan rijiya da masai, haka muke fassarawa a makaranta. Hausa ba ta raba mai amfani da mai kisa ba, duk suna ɗaya ta ba su. Ƙarshen maganata ba wanda ya ji shi, don dariya ta riga ta ɓarke. Wani dattijo ya jawo kwanon rogonsa ya rufe da hularsa.

“Ku rufe kwanoninku, jama'a! Gwamnati ta aiko muna da cuta cikin gwangwanin madara!”

“Tela, kai ko ba ka tsoro? Wasu ka kai ɗiyansu boko su zamo alƙalai, naka ya komo da annoba.”

Kawu ya taya su dariya. Ɗan mai fadama ne kaɗai bai yi ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya ce, “Kun dai ji da kunnuwanku. Ni ban ce komai ba.”

Da farko wasa ne. In na wuce sai a toshe hanci. In na miƙa hannu a gaisa sai a ba ni tsintsiyar hannu, kamar mai cin tuwo. Na koma makaranta na bar Kawu da ban ruwa, ina zuwa lokaci-lokaci in auna tsayin shuka in duba ganye. Kowane zuwa sai in tarar wasan ya ƙara tsami. Wani ya matsar da darninsa baya. Wani ya daina aron gugan Kawu. A gindin mangwaro kuma wurin zaman Kawu ya koma can gefe, inda inuwa ke ƙarewa.

Da sanyi ya wuce zafi ya fara, ciwon ya sauka a fadamar fiye da kowace shekara. Ina da zato a kan dalili. A bana kusan kowa ya sayi irin dashe daga wuri ɗaya, kuma injin nan yana kwararo ruwa da laka daga lambu zuwa lambu ga duk wanda ya nema. Amma zato ne, ban auna ba, don haka ban faɗa wa kowa ba. Abin da ido ke gani shi ne lambu bayan lambu ya yi yaushi, ganye ya yi rawaya, 'ya'ya suka tsaya ƙanana kamar goriba. Fangalan Kawu masu farin turke su ma suka kwanta. Masu jan turke kuwa suka tsaya kore shar, suna ɗauke da 'ya'ya har rassa na taɓa ƙasa. Daga kan hanya ana hango su, tsibiri ɗaya a tsakiyar fadamar da ta ƙone.

Ranar da na iso na gani, sai da na zauna a kan gindin jigo ina kallo. Abin ya yi aiki. Na juya in gaya wa Kawu, sai na ga fuskarsa ba ta murna ba ce.

“Jiya na kai kwando kasuwa,” in ji shi. “Yadda na kai shi haka na komo da shi. An ce wata yarinya ta yi gudawa a unguwar mahauta, an ce miyar tumatirina ta sha. Ni ko ban sai da ma gidansu komai ba.”

Maganar da ke yawo ita ce Tela ya kawo ɗan 'yar'uwarsa ya binne cuta a fadama, ya kore ta daga nasa ta faɗa na mutane, don shi kaɗai ya kai kaya kasuwa. Jan turke shi ne makarin. Na ce to ai ga rabin lambunsa ya mutu. Kawu ya ce an riga an amsa wannan: ya kashe rabi ne don a ce ba shi ba ne.

Bayan la'asar aka aiko kiranmu zauren mai fadama. Tsohon yana kishingiɗe a kan buzu, ɗansa na tsaye a bakin ƙofa, masu lambu sun cika zauren har waje. An kira limamin unguwa, mutum mai natsuwa wanda ya san mahaifina tun suna neman ilimi. Da na gan shi sai na ji ɗan sauƙi. Muka durƙusa muka yi gaisuwa, ba wanda ya matsa mana wuri, muka zauna a kan ƙasa kusa da takalma.

Liman ya bari hayaniya ta kwanta, sannan ya dube ni.

“Yaro, na san gidanku, ba a ƙarya cikinai. Tambaya guda za ni yi maka. Abin da ka bizne cikin ƙasag ga, kai da bakinka kac ce ƙwayoyin cuta na?”

“Allah ya gafarta malam, na faɗa. Amma ba irin...”

“Ka faɗa ko ba ka faɗa ba?”

“Na faɗa.”

“Rayayyi na ko matattu?”

“Rayayyu ne.”

“Suna haifuwa?”

“Suna yi, amma a cikin tsutsa kawai.”

“Ruwa na iya ɗaukar su?”

Gaskiya ruwa na iya ɗaukarsu, kamar yadda yake ɗaukar komai. Kuma da ya ɗauke su ya kai lambunan mutane, da alheri ya kai musu. Na fara da na farkon. “Yana iya ɗauka,” na ce, sai zauren ya ɗauki salati, na biyun bai sami wurin fita ba.

Liman ya ɗaga hannu. “Ku bari shi ƙare.”

Na nemi misalin da kowa zai gane, na samo wanda malaminmu ya saba bayarwa a aji. “Ba duka ne masu cutarwa ba. Ko nonon da muke sha, su ne ke sa shi ya yi kauri ya zama kindirmo. Daddawa ma su ne ke sa ta nuna. Duk wanda ke nan ya sha su yau da safe.”

Wani ya tofar da yawu. Wani Bafulatani da ke da lambu a ƙarshen fadama ya miƙe tsaye da sandarsa.

“Yanzu nonon matanmu ad da cuta? Kun ji ko? Ya gama da tumatir ya koma kan shanu!”

“Daddawar uwarka ka da cuta, ba tamu ba!”

“A'a, ku bar shi, Dokta na. Gobe shi ce ruwan alwala ma da tsutsa.”

Liman ya sunkuyar da kai yana jan carbi.

Sai Kawu ya yi abin da ban taɓa zato ba. Ashe ya zo da tumatir a aljihun rigarsa. Ya ciro ɗaya, ja wur, ya ɗaga kowa ya gani, ya gatsa. Ruwan ya gangaro masa a gemu. Ya cinye ya ciro wani. Ya cinye wannan ma, ya ciro wani mai ƙasa a jiki, bai goge ba.

“Ranka shi daɗe, ga shi. In da cuta, ni za ta fara kashewa. A kawo ƙasar ma in ci.”

Yana ci yana shaƙewa, mutum mai furfura, a durƙushe kusa da takalman mutane. Wani daga baya ya ce a kawo masa gishiri. Aka yi dariya. Ɗan mai fadama ya jira dariyar ta lafa.

“Wanda ya haɗa abu ai shina da makarinai. Ko kwando goma ka ci, Tela, ba abin da za ya same ka. Mu da ba mu da jan turke fa?”

Tsohon bai dubi Kawu ba ko sau ɗaya. Yatsun ƙafarsa yake kallo lokacin da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“Tela, mun zauna lafiya da kai. Amma jama'a sun koka, kuma yaronka ya amsa da bakinai. Aro na na ba ka. Ina son abina.”

Kawu ya cire hularsa ya ajiye a gaban buzun. “Ranka shi daɗe, ka bar ni in kai ƙarshen rani. In kwashe abin da na dasa, in tafi da ƙafata. Ba ni da wani wuri.”

“Shi kwashe shi kai ina?” in ji ɗan. “Shi kai ma wa? Baba, a tumɓuke a ƙone, tun ba ta gama da sauran ba.”

Tsohon ya gyaɗa kai, ya juya fuska bango.

Da safe muka tarar an riga mu zuwa. Mutane sun jeru a bayan darni, ba wanda ya yarda ya taka cikin lambun. An jibge karan dawa a bakin hanya. Tunda ba mai taɓa shukar, Kawu aka ce ya tumɓuke da kansa. Na shiga in taya shi, ya ce in koma gefe, bai ɗaga murya ba, bai kuma dube ni ba. Ya fara da fangalan fari, waɗanda suka riga suka mutu, suna fita ba wuya. Da ya zo kan na ja sai aiki ya yi nauyi, don saiwar ta kama ƙasa sosai. Sai ya sa hannu biyu ya ja, tumatir na zubewa yana takawa.

“Ja da ƙarfi, Tela! Ko allura ta cinye maka hannu?”

“Ku duba yadda ta riƙe ƙasa. Wanga ba aikin Allah da Annabi ba na.”

Daga inda nake tsaye ina hango saiwoyin da yake jefawa kan tulin, farare, dogaye, masu gashi. Ban taɓa ganin saiwar tumatir mai kyau haka a wannan fadama ba. Aikina ba zai kammala ba sai na wanke su na duba a madubi, don haka na matsa wurin ɗan mai fadama na ce ko zai bari in ɗauki kaɗan.

“Ka kai ma wa? Mutanen Tambuwal? Su mi sunka yi maka?” Ya juya ga jama'a. “Kun ji, wai guzuri shika so.”

Aka shimfiɗa kara a kan fangalan duka, aka ɗora shukar da turakuna da gwangwanayen da suka rage, aka yayyafa kananzir. Ɗanyen ganye ba ya son wuta, hayaƙi ya yi ta tashi fari mai kauri, tumatir na fashewa a ciki ɗaya bayan ɗaya. Kawu ya je zai kwance jigonsa, aka ce ya bar shi, itacen daga fadamar aka sare shi. Ya kwance gugan kawai. Kafin mu kai bakin hanya na ji an tayar da injin, ana gwada ko tiyo zai kai.

Kayansa duka ba su fi ƙarfin kanmu mu biyu ba: tabarma, akwatin ƙarfe, buta, fartanya, gugan nan. A tasha muka zauna a kan akwatin muna jiran mota. Mai shayin da Kawu ya saba zama wurinsa ya ga mun zo, ya juya yana wanke kofunan da ya riga ya wanke. Ina ta juya kalmomi a raina ban sami wadda zan fara da ita ba.

Can sai Kawu ya sa hannu cikin aljihun da ya ɗauko tumatir jiya, ya ciro wani dunƙule ya ajiye mini a cinya. Saiwoyi ne, da ƙasarsu, ya naɗe su da ganye. Ya raba su gida biyu, ya ɗaure ɗaya da jan zare, ɗaya da fari, ɗauri mai kyau irin na tela.

“Karɓi abinka,” ya ce. “Kar a ce an yi hasara biyu. Kai dai ka ci jarrabawa.”

Na buɗe baki, ya ɗaga hannu. “A'a. Ka yi magana jiya, ta isa.”

Na duba su a makaranta. Na farin zare duk ƙululu ne, cike da ƙwai. Na jan zare ƙululun kaɗan ne, kuma da na fasa tsutsotsin da ke ciki ba ƙwai ko ɗaya, sai ƙwayoyin nan maƙil. Malamina ya yi murna ƙwarai. Da na ba shi labarin abin da ya faru sai ya girgiza kai, ya ce abin takaici ne, da an bar lambun da mun ga yadda shekara ta biyu za ta kasance.

Kawu ya sauka a ɗakin da ke jikin zaurenmu. Da damina ta ɗauke, lokacin gyaran lambu ya zo, ya fara zagaya masu fadama a Tambuwal yana neman aro. Amma direbobi sun riga shi kawo labari. Kowa sai ya karɓe shi da fara'a, a kawo ruwa, a ce sai an yi shawara da 'yan'uwa. Daga baya ya ji labarin wani mai fili a Dogon Daji da 'ya'yansa suka tafi birni suka bar shi da fadama ba mai nomawa. Ranar ina gida, na raka shi. Mutumin ya yi murna, ya zagaya da mu ya nuna mana iyaka, har sun fara maganar inda za a haƙa rijiya. Sai ya tambayi inda Kawu ya yi lambu a da. Kawu ya faɗa masa.

Mutumin ya tsaya. Ya dubi Kawu, ya dube ni da littafin da ke leƙowa daga aljihuna.

“Kai ne telan Kebbe?”

“Ni na.”

“Wanga shi ne yaron?”

“Shi na.”

Ya ja da baya kaɗan, ya goge tafin hannunsa a riga. Ya ce wallahi ya manta, ashe wani surukinsa ya riga ya yi magana. Ya raka mu har bakin hanya, yana tafe a bayanmu, yana kallon inda muke sa ƙafa.

Da muka dawo gida Kawu ya shiga ɗakinsa ya fito da fartanyar, ya miƙa wa mahaifiyata, ya ce ta ajiye don gyaran makwarara in damina ta zo. Ba a daɗe ba wani ɗan kwangila ya ɗauke shi gadin siminti a bakin hanyar Sakkwato. Aikin da ya yi ke nan har ƙarfinsa ya ƙare.